Idon Mai Masa

Shekara tara ina zuba ƙullu a tanda
a bakin Wunti, tun ladan bai sauke murya ba.
Tururi ya taso, tabarau ya rufe,
in goge da gefen zani, in mayar, ya sake rufewa.
Ran nan na ba mai ɗari biyar canjin dubu.
Na ce zan riƙe fuskarsa,
sai na tuna ban ma gan ta ba.

Jummala, 'yar ƙanwata mai karatun jinya,
ita ta ja ni asibitin ido.
Likita ta ɗora mini wani abu a yatsa,
ɗigon raɓa da ya ƙi fashewa.
Ta ce, Inna, tabarau ne, a kan ƙwayar ido yake zama.
Na ce, idon da ko gashi ba ya ba masauki?
Ta ce, baƙo ne mai kunya
in kin san hakkinsa.

Da hawaye na koyi hakkin.
Hannun da ya wuni cikin yaji da man gyaɗa
na ɗauraye shi sama-sama, na kai ido.
Wayyo. Har maƙwabta sun leƙo ta katanga.
Tun daga ranar, sabulu marar ƙamshi,
tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce,
in tsane da tawul ɗin da ba ya zubar da zare.
Farcen ma na yanke, lalle kawai na bari.

Ruwan randa mai sanyi ne, amma ba nasa ba.
Na famfo, na rijiya, na leda, duk ba nasa ba.
Yawu kuwa na zare ne da allura.
Yana da ruwansa a kwalba,
tsadarsa ta kai mudun shinkafa biyu,
ina jin ta a ƙirji duk sanda na matsa.
Amma na jiya na jiya ne, zubarwa nake.
Ni da ba na soya masar yau da man da ya ƙone,
yaya zan yi wa ido ƙari a kan kwantai?

In ɗora shi a tafi, in murza a hankali
kamar mai shafa kan jariri.
In duba: in ya tsaya kamar ƙoƙo, daidai ne,
in ya baje baki kamar faifai, ya juya.
Dama tukuna, kullum dama.
Shi ne farko, kwalli daga baya.
Gidansa in wanke da ruwansa, in kife ya sha iska,
wata uku in sake sabo.
Shi kansa wata guda ne wa'adinsa,
ko da bai nuna tsufa ba.

Sau ɗaya na ci amana.
Bikin gidan Alhaji Bappah, masa ɗari bakwai,
na zauna in miƙe ƙafa, sai asuba.
Na farka ido kamar garwashi,
haske na sukata, yashi na yawo a ciki.
Likita ba ta yi faɗa ba.
Ta ce, ido ma numfashi yake, Inna,
kin kwana kin rufe masa hanci.
Kwana goma ina ɗiga magani,
ina goge tsohon tabarau da gefen zani.

Asabe ta ce in ara mata ta gwada.
Na ce, ɗauki gwagwarona, ɗauki tukunya,
wannan ko uwa ɗaya ba a rabawa.

Yanzu ina ganin ƙananan ramukan
da ke buɗewa a bayan masa kafin juyi.
Ina ganin lambar keke daga tsallaken titi,
da duwatsun bayan gari, kowane da gefensa.
Mai ɗari biyar ɗin nan ma,
ina zargin wani mai jar hula,
amma na bar shi da Allah.

Dare ya yi, na kashe wuta, na wanke hannu.
Na ciro su kafin wanka, kafin barci,
kowa ya shiga ɗakinsa ya nutse.
Fitilar tsakar gida ta koma dunƙulen auduga.
Ba komai.
Na ga abin da zan gani yau.