Taƙi Uku

Daren da Ramlatu ta koyi juyi
babu wanda ya gani.
Wata biyar da kwana tara.
An ɗauke wuta tun bayan isha,
fanka ta tsaya, zafin bazara ya zauna mana a ƙirji,
barci ya zo karɓar bashinsa gaba ɗaya.

Ni na farka, ban san me ya tashe ni ba.
Na laluba tsakanina da Murja, inda muka ajiye ta,
sai zani mai ɗumi.
Fitilar waya ce ta nuna min ita,
a kife, hanci cikin matashi,
ƙafa ɗaya tana reto a bakin gado,
siminti yana jira a ƙasa.
Na birkito ta. Ta yi atishawa, ta ci gaba da barcinta.
Ni ne ban koma ba
har ladanin Rafin Daɗi ya yi gyaran murya.

Da hantsi na auna ɗakin da hannu.
Daga gado zuwa sif, taƙi biyu.
Uku muke nema.
Na dubi sif ɗin, na dubi Murja,
don na san nawa aka kashe kafin a jera kwanukan nan.
Ta ce, ture shi,
kwano ai ba ya numfashi.

Malam Lurwanu kafinta, can wajen Ƙofar Marusa,
ya zare fensir daga bayan kunne.
Na ce sanduna su matsu, kada kai ya ratsa.
Ya ɗora yatsu uku a kan katako, ya ce haka?
Na ce haka, kuma a goge da samfefa
har sai ka yarda ka shafa shi a kumatunka.
Ya yi dariya, ya ƙara min kuɗi.

Sauran a bakin nas muka ji, ranar rigakafi:
rigingine za ta kwanta, ko da rana,
katifa mai tauri wadda ta cika gadon bam,
ba matashi, ba bargo mai nauyi, ba 'yar tsana,
gidan sauro a soke shi ta ko'ina,
hayaƙin maganin sauro kuwa a bar shi waje.
Na kwance wayar caji daga wannan bango,
Murja ta ɗage labule, ta ƙulle igiyarsa sama.

Sai ga Iya daga Batagarawa
da ɗan matashi na audugar rimi, ɗinkin hannunta.
Ta tsaya a kan gadon, ta ce,
wannan ai keji ne.
Mu tara ta raina a gefen haƙarƙarinta,
wa ya taɓa auna mata ɗaki?
Ban yi musu ba.
Na ba ta labarin daren nan, a hankali.
Ta daɗe tana murza matashin.
Daga baya ta ce a sa shi a akwati,
idan yarinya ta yi ƙwari ta ci gadonsa.
Ranar ita ta kwantar da jikarta, rigingine,
tana mita, tana tofa addu'a.

Yanzu wata tara.
Shekaranjiya na buɗe ido na ga yatsu a kan sanda,
sai goshi, sai haƙora biyu suna yi min dariya.
Ta miƙe.
Gobe Malam Lurwanu zai zo da guduma
ya sauke gindin gadon ƙasa,
zai kuma ƙara min kuɗi.

Cikin dare Murja ta ɗauko ta, ta ba ta nono,
ta mayar, ko ido bai gama buɗewa ba.
Ni kuwa na daina kunna fitila.
Ina miƙa hannu ne kawai ta kan gidan sauro,
in kasa kunne.
Shiga, fita. Shiga, fita.
Sai in juya, in ba bango baya.