Taga Ɗaya

A Chennai watan Mayu ba ya sallama,
kutsowa yake, ya zauna maka a ƙirji.
Ɗakinmu taku goma ne, a hawa na uku,
ni da mahaifiyata da keken ɗinki,
da fanka mai juya zafi kamar miya a tukunya,
ba ta rage shi, motsa shi kawai take yi.

Wata bakwai ina ɗinka rigunan 'yan makaranta,
ina cusa rupi a gwangwanin shayi.
Ranar da gwangwani ya ƙi rufuwa
na tafi shagon Ezhilan, na ce esi nake so.

Ya ce, "Iri biyu ne, zaɓi ya rage naka.
Ga na taga, dunƙule yake kamar akwati,
da araha, mutum biyu sun ɗaga shi,
ranar da ka bar haya ka ɗauke abinka.
Aibinsa minshari, kwana yake yana yi,
taga kuwa ya cinye ta, sai haƙuri.
Ga kuma mai rabi biyu,
kai a ɗaki, gangar jiki a waje,
shiru kamar tafiyar kyanwa,
bai cika shan wuta ba.
Amma sai an huda bango, sai an biya mai haɗawa,
kuɗinsa gwangwaninka ne da rabin wani."

Na yi lissafi a bayan tsohon rasit.
Lissafi ya ce taga.

Sai dai tagarmu ɗaya ce.

Nan Valliammai, wadda ta haife ni,
take ajiye lomar farko ta shinkafa
kafin ta kai komai bakinta,
hankaka mai tokar wuya ya sauko ya ci.
Ita dai ta ce mahaifina ne.
Ban taɓa musa mata ba:
shi ma haka yake ci, a tsaye, yana kallon gefe.
Nan take jin mai tallar kifi,
ta san farashi ba tare da ta sauka ba.
Nan iskar teku ke biyowa da la'asar
in ta ga dama.

Na ce mata likita ya ce zafin nan ba na tsofaffi ba ne.
Ta ce, "Toshe, ɗakinka ne.
Sai ka gaya masa ya riƙa zagayowa ta matakala."

Dhandapani mai gida ya zo, hannu a baya,
ya ƙwanƙwasa bango kamar mai sayen kankana.
"Huda? A ginin da ubana ya ɗora?"
Sai da ya sha gahawa kofi biyu,
na ɗauki alkawarin cike ramin ranar tashi
da ɗinka wa jikarsa rigar biki kyauta,
sannan ya nuna da yatsa: nan, ba can ba,
kada ya ɗiga a kan shanyar mutanen ƙasa.

Wata uku na ƙara a kan keke.
Mayu ya wuce, Yuni ya bi shi,
mun gasu, an juya mu, mun sake gasuwa.
Ranar da Kathiravan ya rataya da igiya a ƙugu
yana ɗaure injin a jikin bango,
ranar hadari ya haɗo,
ruwa ya kece kamar da kwarya.
Har mai kifi sai da ya yi mana dariya.

Yanzu ga shi can sama, fari tas, yana numfashi a hankali,
mita kuwa na gudu kamar an biyo ta.
Tsohuwa kan kunna shi awa guda,
ta lulluɓe har wuya,
ta ce wannan sanyi ba shi da ƙamshi,
ta kashe, ta buɗe tagarta.

Hankaka ya sami kujera.
Kan injin waje yake sauka,
ya karkata kai yana leƙen ɗaki
kamar mai tambayar nawa na biya.

Ban gaya masa ba.
Ko da ransa ban taɓa iya gaya masa
gaskiyar kuɗin komai ba.