Saura Mutum Biyu

Tun hantsi muke cikin motar Talle
a tashar Ƙofar Ruwa,
saura mutum biyu ta cika.
Riga ta manne da baya,
iska ta tafi yawonta.

Wata tsohuwa mai zuwa Damagaram
tana fifita da katin asibiti.
Ta ce can gida gero ya kai gwiwa,
wai kuma ruwa ya ci gefen hanya bayan Kazaure.

La'asar sakaliya gabas ta haɗe rai.
Mai gasa masara ya kife kwano kan garwashi,
baƙar leda ta tashi sama kamar shirwa.

Talle ya leƙo ta taga:
"Wa zai biya kujerun nan mu wuce?"
Kowa ya dubi hadari.
Ina cikin lalubar aljihu
tsohuwar ta kwance bakin zaninta.