Kwana Huɗu Bayan Mantau

Mu mutanen Maradi ba mu san dutse ba.
Abu mafi tsayi da na taɓa hawa
benen Alhaji Nomau ne, ranar da na kai masa ɗinki,
sai da na tsaya sau biyu ina haki.

Likita ya ce, tela, zaman keke zai gama da kai.
Shi ya sa na rufe shago a Bagalam,
na bi Mantau, tsohon ɗan koren shanu,
ni da Arzika mai gyaran rediyo
da ƙanwarsa Tsahara, malamar lakkwal,
wadda ta ɗauko littafi, har muka dawo ba ta buɗe shi ba.
Jika goma kowa ya biya.
Dokarsa guda: kada a tambaye shi saura nawa.

Muka bi gulbi, muka dosa kudu.
Ruwa ya janye, yashi yana haɗiye sau.

Daren fari, bukkar masu zogala a Jiratawa,
kwaɗo da ƙuliƙuli, barkono ya yi yawa.
Na cire takalmi, ga bororo biyu a diddige.
Mantau ya laluba, ya karɓi allurata,
ya huda, ya bar zare a ciki ya kwana.
Shekara talatin ina riƙe da ita,
ban san ta iya wannan aiki ba.

Na biyu a bakin tafkin Madarunfa.
Bukkar masunta, banda ta shiga bargo,
sauro ya yi walima da mu.
Arzika ya rantse gobe kabu-kabu zai hau ya koma gida.
Da gari ya waye, shi ya fara ɗaure jaka.

Mantau ba ya waiwaye.
Sandarsa ke magana da ƙasa, ƙwas, ƙwas.
In mun zo gindin itace sai ya shafa ɓawo,
ya ce marke, ya ce kanya,
ya ce wannan gawon na bari yana tsayin ƙuguna.
Na ɗauka gaisuwa ce.

Na uku a ruga. Nono mai tsami, sanyi ta ƙasan tabarma.
Ban yi barci ba. Gwiwata tana kuka kamar ƙyauren shagona.

Kafin asuba ya tashe mu.
Dutsen yana can, baƙi, ya cinye taurarin kudu.
Hawa da hannu ne, da ciki, da salati.
Kada ka dubi sama, in ji shi,
nemi inda babban yatsanka zai zauna.
Wandona ya yage daga tsakiya,
ɗinkina ne kuwa, ba wanda zan zarga.
Tsahara ta yi dariya har ta kusa sakin dutse.

A ƙololuwa me muka tarar?
Kashin awaki. Sun riga mu.
Da iska, wadda ba ta san sunan kowa ba.

Muka zauna. Gabas ta fara ja.
Mantau ya jingine sanda, ya juyo da fuska wajena,
idanun nan farare kamar an ɗiga musu nono.
Ya ce, tela, kai ke da idon zura zare,
faɗa mini, tsamiyar nan ta bakin mashaya tana nan?

Kwana huɗu ina bin bayansa.

Na ce tana nan.
Na ce gulbi ya kwanta kamar farin ƙyalle da ba a yanka ba,
ga shanu ja, ga hayaƙi daga ruga,
ga wata mata da tulu, ƙarama kamar maɓalli.
Ya ce a hankali, kada ka yi sauri,
fara daga hagu.

Na fara daga hagu.