Littafin Baƙi na Bappa Gidado

Na buɗe akwatin kwano na Bappa Gidado.
Ƙarƙashin hular dara da tarin makullai
akwai littafi, gara ta ci gefensa
ta bar mini tsakiya in karanta.

Shi ke riƙe da gidan saukar baƙi
a Gombe, hayin tashar jirgi,
zamanin da tutarmu take jaririya,
rininta bai sha damina uku ba.
Kowace ƙasa ta aiko da idonta
cikin kwat da takalmi mai ƙyalli.
Su miƙa takarda a Ikko, a sha hannu,
sannan su hauro su ga abin da ƙasa ta haifa.

Na fari ya sa hannu da alƙalamin zinariya.
Bappa ya rubuta a gefe da ajami:
"Ya tambayi kuɗin auduga sau huɗu,
bai tambayi sunana ba."

Na biyu ya kawo jar tarakta kyauta,
aka yi tafi, aka ɗau hoto.
Ranar da ƙusa ɗaya ta karye a gonar Kwadon
aka ce sai an rubuta wa ƙasarsu.
Shekara tara kaji na ƙwai a inuwarta.

Na uku ba ya ga maciji da na biyu.
Bappa ya raba musu tebur, ya raba butar shayi.
"Giwayensu na faɗa a bayan teku,
ni ke wanke kofuna."

Sai shafi na sha bakwai,
rubutu siriri kamar sawun tururuwa:
Alfa Bokar, daga ƙasar da ta girmi tamu
da 'yan watanni kawai.
Baitulmalinsu ba kuɗin jirgin sama,
motar gyaɗa ce ta sauke shi da la'asar,
zai kwana biyu ya jira jirgin kudu.
Ya gai da Bappa da Fulatanci mai baƙon kari,
ya ci tuwon dawa, ya suɗe yatsa,
ya roƙi dutsen guga don kwat ɗinsa ɗaya tilo.
A aljihun ƙirji, wasiƙa mai jan hatimi,
ko alwala zai yi sai ya dafa ta.

Daren na biyu rediyo ta yi tari, ta ce
sojoji sun kwana a fadar ƙasarsa,
wanda ya aiko shi an rufe shi da hantsi.
Jirgi ya yi kuka da asuba. Ya wuce.

Bappa ya rubuta, tawada ta ɗan baje:
"An ce ɗan aike ba ya laifi.
To wanda mai aikensa ya riga shi kabari,
wa zai mayar wa amsa?"

Daga nan babu sa hannun kowa a shafin
sai lissafin sabulu da kananzir
da Bappa ya biya daga albashinsa,
har ya kai shi zaurenmu na Jekadafari.

Ni na san shi tsoho, mai gyaran agogo
a bakin Tsohuwar Kasuwa, gilashi a ido ɗaya.
Mu yara muna kiransa Jakada,
mun zaci zolaya ce, irin ta Sarkin Yawa.
Agogonsa na hannu kullum yana baya da awa guda.
In an ce ya gyara, sai ya ce lafiyarsa ƙalau,
lokacin wani gari yake faɗa.

A nan aka binne shi, kusa da Bappa.

Ga wasiƙar a ƙasan akwati,
hatimin ya dushe ya koma kalar goro.
Wata ƙasa ce ke gai da tawa a ciki
da muryar da ta yi tun suna ƙuruciya.
Na ɗaga ta saitin fitila, na ga inuwar layuka.
Ba sunana ne a bayanta ba.
Na mayar da ita ƙarƙashin hula.