Matakala Ɗari da Sha Bakwai

Kakana Anxo ya ce ɗari da sha bakwai ne
daga gindin hasumiya zuwa ɗakin fitila.
Na ƙirga, sha shida na samu.
Gishirin teku ya cinye ɗaya,
yadda yake cin komai a gaɓar Galisiya:
ƙusa, ƙyaure, gwiwar tsoho.

Kafin a aza tubali, in ji tsofaffi,
wata Sabela ce ke hura wuta a kan dutsen nan.
Mijinta ya fita su, bai dawo ba.
Ta ƙone itacenta, ta ƙone kujera,
ta ɓalle ƙofar ɗaki ta jefa,
daren ƙarshe, gadon aurensu.
Jirage tara suka hangi hasken suka tsira.
Nasa ba ya ciki.

Aka yi zamanin man zaitun, aka yi na kananzir,
kakana na goge gilashi da tsumma da hucin bakinsa,
yana datse lagwani kamar mai yi wa jariri aski.
Ranar da aka ce inji ya isa,
suka ba shi agogo da takardar yabo.
Ya sauko, ko waiwaye babu.

Bara aka ce za a mai da ita masaukin baƙi.
Muka ce ba da mu ba.
Xurxo mai ɗinkin koma ya zaga gari da hularsa,
matan kasuwar kifi suka zazzage aljihu,
muka sayo farar ƙasa, igiya, jan fenti.

Ni aka bar wa sharar sama.
A ƙasan akwati na tarar da littafin aikinsa,
kowane dare da layinsa: iska, ruwa, ƙarfe nawa aka kunna.
Daren da jirgin su Breixo ya daki dutse,
rai huɗu,
kalma ɗaya ya rubuta: hazo.
Alhali kakata ta taɓa ce mini
taurari tar suke a daren,
kuma tun daga ranar bai ƙara zama a bakin aiki ba,
a tsaye yake kwana.

Barci ɓarawo ne, ko a ƙolin hasumiya.
Na rufe littafin, na ɗauki buroshi.

Gobe Xurxo zai zuba sabuwar matakala.
Fitila kuwa tana ta juyi ita kaɗai,
walƙiya biyu, duhu, walƙiya biyu.
Ba ta gyangyaɗi,
ba ta kuma san sunan kowa a cikin ruwan ba.