Gadin Barci a Miga

Na zo gida da ɓeraye tara a jaka,
ba da gangar jikinsu ba, da barcinsu kaɗai,
zane bisa zane a cikin kwamfuta,
kwana guda cur daga kowane kai.
Inna Barira ta riƙe haɓa:
“Mu muna ɗana tarko a gindin rumbu,
ke kuma ana biyanki ki yi musu gadi?”

Cajin da na yi a shagon Tanimu mai sola
zai kai ni ƙarfe biyu in na rage haske.
Na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar Baba.
Kwaɗi sun cika fadama da gardama.

Daƙiƙa goma-goma nake yanka dare,
yankan kuɓewa,
kowane yanki in raɗa masa suna.

Ga lamba tara a farke:
igiyar kai ƙanana, yaf-yaf, yayyafi a kan tafki,
igiyar wuya kuwa sai tsalle take,
ko susa yake, ko gaigayar katako.
Sai ruwan ya faɗaɗa,
tudu, kwari, tudu, kwari,
irin wanda kwale-kwale ke bari in ya wuce da lodi.
Wannan barci ne mai nauyi, ko yaro ya gane shi.

Na ukun ne mai ruɗi.
Kai ya koma kamar na mai ido biyu,
haƙoran zarto jere reras,
amma wuya ya saki, ya mutu murus,
layi ɗaya miƙe kamar zaren da aka ja.
A ciki gudu yake, wa ya san ina,
a waje gashin baki ne kawai ke karkarwa.
Malamarmu takan buga tebur ta ce:
kada ki yarda da kai shi kaɗai,
ki tambayi wuya.

Baba ya yi tari. Na ɗaga labule.

Tun farkon damina ciwon ya kayar da shi,
ɓarin dama ya tafi, harshe ya bi bayansa.
Mutumin da ya shekara arba'in yana karatun ruwa,
ya dubi ɗan motsi daga kan gora
ya ce wannan tarwaɗa ce, wancan karfasa,
wannan kuwa iska ce, kada ka ɓata taru.
A wurinsa na fara koyon duban igiya,
ban taɓa gaya masa ba.

Yanzu ga shi rigingine, ido a rufe.
Ba waya a kansa, ba waya a wuyansa,
sai fitila da ni.
Inna takan ce yana jin komai, a rage murya.
Yaya Jibo yakan ce barci ne, a bar shi.
Ni da aka kai birni don in raba gardamar nan
na tsaya da takardata a ƙirji, shiru.

Ƙwayar idonsa tana kai-komo a ƙarƙashin fata.
Na ce a raina: mafarki.
Sai hannun hagu ya ɗago,
ya damƙi iska, ya ja,
ya sake damƙa, ya ja,
jan taru mai nauyi, har jijiya ta fito.

In mafarki ne, ai hannu ba ya tashi.
In farke yake, wane kogi ne a ɗakin nan?

Na ce, “Baba?”
Hannun ya sauka a kan nawa, da ɗumi, bai matsa ba.
Wani ɓera, ɗan gida, marar lamba,
ya bi azara da ƙwayar gero a baki.

A waje allon ya yi ƙyaf, ya mutu.
Saura yanki dubu uku ban taɓa ba.
Na zauna ina ƙirga numfashinsa goma-goma,
ban sa wa ko ɗaya suna ba
har ladan ya gyara murya.